Irin gamba da na saya a Sakkwato: ta jure fari, amma a haɗa mata da harawa

Tsadar harawa da rani a Kasuwar Kara ce ta kai ni wani shagon kayan noma a cikin gari bara, gab da faɗuwar damina. Ina da 'yar gona wajen Dundaye, da raguna shida da jajayen awaki. Na sayi irin gamba mudu uku.

Ga abin da ya ɓata mini rai: buhun babu takardar da ta nuna shekarar da aka girbe irin, kuma da na zuba a faranti na hura, ƙaiƙayin da ya tashi ya kusa rabi. Layi biyu na gefen gabas ba su fito ba sam, sai da na maimaita shuka. Wannan gyara ne da ya wajaba a kan masu shagon.

Amma yaron da ke tsaron shagon ya biya ni. Ya ce, "Baba, ku cuɗa shi da yashi mai laima, kada ku binne da zurfi." Haka na yi. Da ruwa ya ɗauke mana kusan mako uku, geron maƙwabcina ya naɗe ganye, gambata na tsaye kore shar. Zuwa kaka ta wuce kaina.

Da na koma yi masa godiya ne ya ba ni labarin da har yau nake juyawa a raina. Gamba tana da 'yar uwa ta jini a filayen ciyawa na Amurka, duka daga dangin da masana ke kira Andropogon. A jihar Kansas, daga 1989, masana sun shekara takwas suna killace ta suna hura mata iskar kabon ninki biyu na wadda muke shaƙa. Ciyawar sai ta riƙa tsuke ƙananan ƙofofin ganyenta, ruwan da take asara ya ragu, ƙasa ta daɗe da laima. A shekarun da aka yi fari ta fi wadda ba a hura wa ba yawa sosai, a shekarun da ruwa ya wadata kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai dai naitirojin ɗin ganyen ya ragu, wato ma'aunin furotin da ke sa dabba ta yi nama. Kuma iskar nan ƙaruwa take yi a kanmu duka: kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420.

Na ce masa, "Ɗana, ke nan ciyawa ta yi yawa, dabba ta ƙoshi, amma ba ta yi ƙiba ba?" Ya ce wannan binciken ciyawar can ne, amma ko ba shi, gamba in ta tsufa kara ce kawai. A yanke ta tana ɗanya, kafin ta fitar da kai.

Na gwada. Ragunan da na ba gamba zalla sun cika ciki, ƙashin bayansu na nan a fili in ka shafa. Uku da na haɗa wa da harawar wake da dusa su ne suka yi kuɗi da Babbar Salla. Tsohuwar gambar da na bari a gefe kuwa an saƙa mini zana takwas da ita.

Zan koma shagon bana, amma da farantina a hannu, in hura irin a gabansu kafin a auna mini.