Horon Dole a Ranar Hutu: Kuɗi ko Ranar Fansa?

Idan mai kamfani a Gusau ya wajabta wa ma'aikatansa halartar horo a ranar hutunsu ta mako, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi mafita biyu. Dokar ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, kuma idan aka ci wannan hutun, ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci.

Kuɗin ya fi jan hankalin mai iyali, musamman wanda ya biya ɗan acaɓa daga Tudun Wada domin ya halarta, sai dai dokar ba ta yanke adadinsa ba, ta bar shi ga yarjejeniya, don haka wanda takardar ɗaukarsa aiki ba ta ambaci komai ba yakan sha jeka-ka-dawo.

Ranar fansa kuwa, wato ranar hutun da ake rama wa ma'aikaci, ba ta da wannan gardama, kuma da damina, ga mai gona a bayan gari, ta fi kuɗin amfani nesa ba kusa ba. Ni ita nake fifitawa, muddin an rubuta ranar tun kafin horon. Idan aka hana duka biyun, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙarar.