Jan Natureo na gidan Torres, ruwan inabin da aka cire wa barasa

Wanda ya saba da lemon inabi na kwali mai zaƙi, kurɓar farko zai ɗan yamutsa fuska. Jan Natureo ba abin zaƙi ba ne. Yana da ɗan tsami, ga bauri mai kama harshe irin na goro, ƙamshinsa kuwa na inabin da ya nuna sosai.

Iyalan Torres suna sana'ar yin giyar inabi tun 1870 a Vilafranca del Penedès, kusa da Barsalona a Sifaniya, yanzu har ta kai ga zuriya ta biyar. A jan Natureo, nau'in inabi biyu, Garnacha da Syrah, suke haɗawa, a bar shi ya zama giya tukuna, sannan a cire barasar. Shi ya sa aka rubuta 0.0 a jikin kwalbar. Na faɗi wannan ne don mai shakka ta fuskar addini ya tambayi malaminsa kafin ya saya.

Ni dai na fi son sa da balangu, ya ɗan yi sanyi amma ban da ƙanƙara. Yana wanke maiƙon baki, yaji kuma ba ya danne shi. In an buɗe, a mayar da murfin a sa a firji, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku, don babu barasar da za ta riƙe shi.