Shagon juya kaset a kusa da Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda: ya iya aiki, amma a sa ido

Masu tara tsofaffin fina-finan kasada da aka yi don talabijin, irin na Amurka na shekarun 1970 da 1980, sun san da yawa daga cikinsu ba su fito a DVD ba, sai a kaset ɗin VHS. Wannan ƙaramin shago na kudancin Jidda yana juya su zuwa filashi.

Abin yabonsa shi ne na'urar bidiyonsa mai karanta NTSC da PAL da MESECAM, wato tsare-tsaren naɗar hoton bidiyo da suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kaset ɗin Amurka NTSC ne, da yawa daga cikin waɗanda aka naɗa daga talabijin a nan Saudiyya kuwa MESECAM ne, kuma na'urar da ba ta san shi ba baƙi-da-fari take fitarwa. Yana buɗe murfin kowane kaset ya duba fumfuna kafin ya saka. Ɗanshin Jidda ne ke jawo ta, kuma kaset ɗaya mai farin ƙura ya isa ya toshe kan da ke karanta kaset a cikin na'ura.

Inda ya gaza: yana miƙe hoton 4:3, wato siffar allon tsohuwar talabijin, ya cika faffaɗan allo, fuskoki su baje. Ku ce masa ya bar shi yadda yake. Kaset ɗin da aka naɗa da gudun LP (gudu a hankali don kaset ya ɗauki ƙarin lokaci) kuma hotonsa na rawa, don haka a kalli minti biyar kafin a biya.