Kafin ka sayi kayan ɗaukar hoton gizaka

Duk wanda ya taɓa shafar ganyen mangwaro da damina ya ji hannunsa ya ɗauki raɗaɗi ya san gizaka ba abokiyar wasa ba ce. Gashinta ko ƙayarta ke karyewa cikin fata. Saboda haka abin da ya kamata ka tambayi mai shago shi ne tazarar da na'urar za ta bari tsakanin yatsunka da tsutsar, kafin ma a zo maganar yadda take ƙara girman hoto.

Mafi arha shi ne ɗan gilashin da ake maƙalawa a kyamarar waya, irin wanda ake samu a kasuwannin waya kamar Farm Centre ta Kano. Hotonsa ba laifi, sai dai dole ka matso har santimita 2 ko 3. Iska ta kaɗa ganyen, shi ke nan, ka sha harbi. Ga irin koriyar nan mai tarin ƙayoyi ta dangin Limacodidae, ni ban ba da shawararsa ba. Ƙaramar kyamarar OM System TG-7 ma haka take, tana gani daga santimita 1, wanda kuwa ya fi dacewa da tururuwa.

In kana da kyamara mai dogon gilashi, gilashin ƙara girma na Raynox DCR-250 ya fi ma'ana. A gaban gilashin ake ɗora shi, kana tsaye wajen santimita 12 daga tsutsar. Yana da wuyar saiti a farko, motsi kaɗan hoton ya dushe, amma hannu na sabawa.

Mai hali ya sayi gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na milimita 100, ko da na hannu ne. Canon EF 100mm f/2.8 na ba da tazarar kusan santimita 15, kuma tunda galibin waɗannan tsutsotsi ba su wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kana iya ƙara ja da baya. Ka duba cikinsa da tocila kafin ka biya, kada ka sayi mai fumfuna.

Gane irin gizakar kuwa ba ya cin ko sisi. Ɗauki hotonta daga sama, daga gefe, sannan ganyen da take ci, ka ɗora a iNaturalist, manhajar da ke taimakawa wajen gane halittu. Ganyen nan yakan taimaka wajen sanin wace faɗa-wuta za ta zama.

Ka saka salatif a jaka. In gizaka ta harbe ka, manna shi a wurin ka cire gashin, ka wanke da sabulu, kada ka sosa. Numfashi ya fara sarƙewa ko fuska ta kumbura, sai asibiti.