Jirgin Carlo Riva ya cika ido, mai hayar ne ya ɓata min rai

Ni kafinta ne, a masana'antar kujeru nake aiki kusa da Brescia a Italiya, don haka na daɗe ina marmarin ganin jirgin ruwa na katako, ƙirar kamfanin Riva, da idona. Da zafin bana muka haɗa kuɗi da abokan aiki muka yi hayar tsohon Aquarama, samfurin jirgin da Carlo Riva ya ƙera, a tafkin Iseo, daga Sarnico, garin da Pietro Riva, kakan mahaifin Carlo, ya kafa sana'ar a 1842.

Tun kafin in shiga na durƙusa ina shafa goshin jirgin. Katakon mahogani ne, dangin madaci, an jera shi sala-sala, tsakanin kowace sala an saka siririn farin katako, babu inda layi ya karkace. Banish ɗin kuwa shafi ne kan shafi, har kana hango fuskarka. Wanda ya taɓa goge katako da samfefa ya san wahalar da ke bayan wannan sheƙi.

Amma abin da ya fi kama ni ya faru ne wajen tsibirin Monte Isola. Babban jirgin fasinja ya gifta, ya bar mana igiyar ruwa, matuƙin namu kuma bai sassauta ba. Na ƙanƙame kujera ina jiran mu jiƙe sharkaf. Wallahi ko ɗigo bai taɓa ni ba. Goshin jirgin yana buɗewa ne ta sama, sai ya watsa ruwan gefe, injuna biyu suna gurnani a baya, muka ratsa lafiya. A nan na yarda cewa lanƙwasar da na ɗauka ta ado ce aiki take yi. Samfurin da Carlo Riva ya fitar a 1962, aka ci gaba da ƙera shi har 1996, ga shi yana wannan tafiya. Mutumin ya rasu a 2017, aikin hannunsa na nan daram.

Sai dai ina tunawa da mai hayar raina ke sake ɓaci. Awa guda muka biya, ashe tun muna cike takardu a ofis ya fara ƙirga lokaci. Cire takalmi na yarda da shi, katakon ya cancanci haka. Amma yaron abokina ya ɗora hannu kan sitiyari kawai, mai hayar ya daka masa tsawa a gaban uban. Da muka sauka kuma ya kawo kuɗin mai daban, wanda bai ambata ba tun farko.

Ina cewa zan ba kowa shawarar ya je, yanzu kam da sharaɗi. A sa ya rubuta kuɗin mai da lokacin tashi kafin a biya ko sisi, in ya ƙi a nemi wani, ba shi kaɗai ke da Riva a tafkin ba.