CELTA, Trinity ko Kwas ɗin Intanet: Wace Takarda Za Ka Saya Don Koyar da Turanci a Ƙasar Waje?

Tallan kwas ɗin TEFL, wato horon koyar da Turanci a matsayin baƙon harshe, ya cika Facebook da Instagram: ka yi sati biyu a waya, a turo maka takardar shaida, sai ka ga kanka a Dubai ko Seoul. Matasanmu masu digirin Turanci da malaman makaranta da albashi ya gaza kai su ƙarshen wata suna ta tambayar wanne za su saya. Shawarata ita ce ka ajiye maganar takarda tukuna. Fara zaɓen ƙasar da kake son zuwa, ka karanta sharuɗɗan bizarta, sannan ka san abin da za ka kashe wa kuɗi. Fasfon da ke aljihunka shi ke fara buɗe ƙofa ko rufe ta, tun kafin a dubi kwas ɗin da ka yi.

Ɗauki Koriya ta Kudu. Bizar malamin Turanci a can, wadda ake kira E-2, galibi an keɓe ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Ayalan, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriya ko ɗan Ghana ba ya ciki, ko da ya fi Bature iya nahawu. Duk wanda ya ce maka takardarsa za ta kai ka aji a Koriya da koren fasfo, ka riƙe kuɗinka. Ƙasar Sin ma ta fi karkata ga 'yan irin waɗannan ƙasashe, kuma tun dokar da ta fito da ita a watan Yulin 2021 kan cibiyoyin ƙarin karatu masu neman riba, guraben aiki sun ragu sosai, har da na masu koyar da yaran Sin ta intanet daga waje.

Japan kuwa lamarinta ya fi yi mana daɗi. Bizar malamin makaranta tana neman digiri da shaidar cewa ka yi aƙalla shekara 12 kana karatu da harshen da za ka koyar. Wanda ya yi firamare, sakandare da jami'a a Najeriya zai iya haɗa wannan shaidar, sai dai zai sha zirga-zirgar karɓo wasiƙu daga tsofaffin makarantunsa. Tailan tana karɓar waɗanda ba ta ɗauka a matsayin masu Turanci tun daga nono ba, amma da sakamakon jarrabawar iya Turanci irin TOEIC, inda aka saba neman maki 600 zuwa sama. Biyetnam ma takan nemi shaidar ƙwarewa a Turanci irin jarrabawar IELTS. Kuma kusan ko'ina a Asiya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, digirin farko shi ne ginshiƙin izinin aiki. Mai NCE kaɗai gara ya fara kammala digiri kafin ya sayi kowace takarda.

To, yanzu ga takardun.

CELTA ita ce wadda sunanta ya fi nauyi, kuma sashen jarrabawar Turanci na Jami'ar Cambridge ne ke ba da ita. Kwas ne na aƙalla awa 120 tare da masu horarwa. Ana yin sa a sati huɗu zuwa biyar idan cikakken lokaci ne, ko a watanni idan kana haɗawa da aiki, kuma yanzu ana yin sa ido da ido, ko ta intanet, ko a haɗa biyun. Ba a shiga don kawai an biya kuɗi: sai ka yi aikin gwaji a rubuce, an yi hira da kai, an tabbatar Turancinka ya kai matakin ƙwararru. A ciki akwai rubutattun ayyuka huɗu, da awa shida na zama kana kallon gogaggun malamai suna koyarwa, da kuma abin da ya sa take da tsada, wato awa shida da kai da kanka za ka koyar da ɗalibai na gaskiya, manya, a matakai biyu daban-daban, ana auna ka.

Awa shida kamar ba yawa, amma a nan ake gyara malami. Ka tsaya gaban mutum goma ko goma sha biyu waɗanda wasunsu da ƙyar suke haɗa jimla. Mai horarwa yana zaune a bayan aji da biro, yana rubuta minti nawa ka yi kana magana kai kaɗai, sau nawa ka ce “kun gane?” aka gyaɗa kai alhali ba a gane ba, da ko umarnin da ka bayar ya yi tsawo. Bayan darasi a zauna da kai da abokan kwas a warware komai ɗaya bayan ɗaya. Malaminmu da ya saba cika allo da rubutu yara su kwafa, a nan yake koyon yin shiru ya bar ɗalibai su yi magana da juna. Shekara goma a aji mai yara ɗari ba ta koya wa mutum wannan, domin yawan yaran ba ya barin a yi shi. Kuma ana faɗuwa a CELTA. Sakamakonta Pass ne, ko Pass B, ko Pass A, ko mutum ya tafi hannu biyu. Yiwuwar faɗuwar nan ita ta sa masu ɗaukar aiki suka yarda da ita.

Kuɗinta ya danganta da cibiya da ƙasa, amma galibi yakan kama daga wajen dala 1,500 zuwa sama da 2,500. Idan ka juya shi zuwa naira za ka ji nauyinsa. Kafin ka biya, ka duba sunan cibiyar a jerin da Cambridge ta wallafa a shafinta. Wadda ba ta ciki ba ta da ikon ba da CELTA, komai kyan tallarta.

Trinity CertTESOL, ta Trinity College London, sa'ar CELTA ce. Awa 130 ne aƙalla, da awa shida na koyarwa a gaban mai aunawa, kuma dukkansu biyun suna mataki na 5 a tsarin takardun shaida na Ingila. Abin da ya burge ni a cikinta shi ne ana zaunar da kai a koya maka wani harshe da ba ka taɓa ji ba, don ka ɗanɗana abin da ɗalibinka yake ji. Tsakanin su biyun, ka ɗauki wadda ta fi maka sauƙin kuɗi da lokaci. CELTA ta ɗan fi suna a tallan aiki, shi ke nan bambancin.

Sai kwasa-kwasan intanet masu awa 120, kuma nan ne kasuwar ta fi ruɗani. TEFL ba sunan wata hukuma ba ne, sunan sana'ar ne kawai, kuma babu wata hukuma guda a duniya da ke sa ido a kan masu sayar da shi. Kowa na iya buɗe shafi ya buga takarda mai hatimin zinariya. Akwai na dala ashirin da za ka gama da danna amsoshi a dare biyu, akwai na dala ɗari uku ko biyar masu malami na gaske da ke gyara maka tsarin darasi. Araha ba ta ado, amma ba duka ne na banza ba: idan ƙasar da ka nufa takardar awa 120 kawai take so don cika sharaɗin izinin aiki, kuma kai ka riga ka goge a aji, mai matsakaicin kuɗi zai wadatar. Ka yi wa mai sayarwa tambaya uku. Wace hukuma ce ke ba da takardar, kuma tana cikin rajistar Ofqual, hukumar da ke sa ido kan takardun shaida a Ingila, wadda kowa zai iya dubawa? Mutum ne ke gyara ayyukan ko na'ura? Akwai koyar da ɗalibai na gaskiya a ciki? Kada kalmar “mataki na 5” ta sa ka ɗauka ka sayi CELTA da araha. Matakin ɗaya ne a takarda, amma in babu koyarwar da aka auna, mai ɗaukar aiki ya san bambancin.

Akwai kuma TKT ta Cambridge, jarrabawar sanin dabarun koyarwa ce ta zaɓen amsa mai tambaya 80 a kowane sashe. Tana da amfani ga malamin da ke gida yana son nuna saninsa, amma ita kaɗai ba ta isa neman aikin waje ba.

Mai hangen Saudiyya, Oman, Katar ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda albashi ya fi tsoka kuma sau da yawa ana haɗawa da masauki, ya sani cewa can ne aka fi tsaurara sharuɗɗa. Shirye-shiryen share fagen shiga jami'a sukan nemi CELTA ko digiri na biyu a fannin koyar da Turanci, da shekarun gogewa, kuma da yawansu ba sa kallon takardar da aka yi ta intanet zalla. Makarantun ƙasa da ƙasa kuwa lasisin koyarwa suke nema, don haka PGDE ɗinka da rajistar TRCN ba abin yarwa ba ne. DELTA, takardar Cambridge da ke gaba da CELTA, ta gogaggu ce, sai ka yi shekaru a aikin za ka waiwaye ta.

Kuɗin kwas rabin lissafi ne. Akwai jarrabawar IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu ake karɓarsa, don haka kada ka yi ta da wuri. Akwai tantance digiri a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je ya buga nasa hatimin. Akwai takardar 'yan sanda ta shaidar hali, gwajin lafiya, tikitin jirgi, da abin da za ka ci kafin albashin farko ya shigo.

Abu biyu suna damuna, kuma dole in faɗe su. Na farko, wasu makarantu a Asiya suna neman hoto kafin su dubi takarda, kuma baƙar fata yana sa a ƙi amsa wa mutum. Takarda mai ƙarfi ba ta kawar da wannan, amma tana kai ka ga jami'o'i da manyan cibiyoyi inda ƙwarewa ake aunawa. Na biyu, dillalan aiki. An yaudari 'yan Afirka da dama da alƙawarin aiki mai kyau a kudu maso gabashin Asiya, suka ƙare a tsare a gidajen damfarar intanet a Myanmar da Kambodiya. Kada ka tafi koyarwa da bizar yawon buɗe ido, kada ka miƙa wa kowa fasfonka ya ajiye, kuma ka ga kwantiragi a rubuce da sunan makarantar da za ka iya kira da kanka. In abin ya yi maka wari, ka kai maganar ga NAPTIP, hukumar Najeriya mai yaƙi da safarar mutane.

Wanda kuɗinsa bai kai na CELTA ba a yanzu, ƙasar waje ba sai Asiya ba. A Abidjan da Dakar Turanci baƙon harshe ne da ake biyan kuɗi a koya, kuma fasfon ECOWAS yana shigar da kai ba biza. Akwai kuma shirin TAC na gwamnatin Najeriya, wanda tun 1987 yake tura ƙwararru, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Ka yi kwas ɗin intanet mai malami na gaske, ka samu shekara biyu na koyar da waɗanda ba sa jin Turanci a titi, ka tara kuɗin CELTA daga albashin, sannan ka aika takardunka Riyad ko Maskat.