Sharhi kan hutunmu na kwana tara a Zanzibar ta hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye

Kusan wata biyu muka yi ni da maigidana muna kai-kawo tsakanin tsibirai uku: Maldives, Seychelles da Zanzibar. A hoto duk kamar abu ɗaya suke, farin yashi, shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa sun sunkuyo. Da muka kasa tsayar da magana sai muka miƙa lamarin ga wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, muka ce hutun yara na watan Agusta muke da shi, yaranmu biyu kuma ruwa suke so.

A wajen zaɓe kam sai dai in yaba musu. Ma'aikaciyar da aka haɗa mu da ita ba ta tura mu inda ya fi tsada ba. Ni zuciyata tana Maldives, saboda ɗakunan nan da ake ginawa a kan ruwa. Sai ta ce min, "Hajiya, Agusta damina ce a can. Lokacinsu mai kyau daga Disamba zuwa Afrilu ne." Ta kuma nuna min cewa yawancin manyan masaukansu kowanne tsibirinsa daban, idan ka shiga ka shiga ke nan, ba gari ba kasuwa, jiragen sama masu sauka a ruwa da ke kai baƙi kuma da rana kawai suke tashi. Seychelles kuwa, a watannin nan iska tana kaɗowa daga kudu maso gabas, teku ya yi tsauri tsakanin manyan tsibiranta biyu, Mahé da Praslin, ga shi ƙaramarmu ko a mota amai take yi. Zanzibar daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, manyan ruwanta a Maris zuwa Mayu suke. Cikin rabin awa ta warware abin da ya gagare mu wata biyu.

Kwana biyun farko a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, muka yi su, kuma ban yi da-na-sanin ko minti ɗaya ba. Lunguna ƙanana da mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kiran sallah yana tashi ta ko'ina. Tun 2000 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mun tsallaka da kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919. Babban ɗana ya tsuguna gaban ɗaya ya ƙi tashi, yana ƙirga layukan bayansa.

Inda kamfanin ya gaza shi ne masaukin bakin teku. Sun ajiye mu a Paje, gabashin tsibirin, ba wanda ya ce mana uffan kan janyewar ruwa. Mun isa da yamma teku cike, har gindin katangar masaukin. Da safe yara suka sa kayan wanka suka ruga, sai ga ƙaramar ta dawo tana kuka: "Umma, ruwan ya gudu!" Na fito na tarar da fili fetal, yashi da duwatsu, tekun can nesa kamar zaren fari. A wannan gefen ruwa yana janyewa sau biyu a kwana, ya yi nisan da sai ka yi doguwar tafiya kafin ka taɓa shi, abin kuma ya fi tsanani idan wata ya cika ko yana sabo. A cikin ramukan da ya bari akwai wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya, dole yaro ya sa takalmi.

Ba na cewa Paje ba ta da kyau. Idan ruwa ya ja, mata suna shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaka, na zauna na kalle su har rana ta take. Masu wasan da iska ke jan su a kan ruwa ma nan ce matattararsu. Amma ni na faɗa tun farko cewa wanka yara suke so, kuma duk mai sayar da hutun Zanzibar ya san Nungwi da Kendwa, can arewa, su ne inda ake iya shiga ruwa kusan kowane lokaci. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne ga wanda sana'arsa ke nan.

Na kira kamfanin a rana ta biyu. Ba su yi gardama ba, sun nemo mana ɗaki a Kendwa, suka ɗauki nauyin motar da ta kai mu, tafiyar kusan awa biyu. Kuɗin dare ɗaya na Paje dai bai dawo ba. Wani abin da suka manta shi ne inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 ga babba. Maigidana ne ya gano ana saura kwana uku mu tashi, ya biya ta intanet.

Kwana biyar ɗin Kendwa su suka wanke min zuciya. Ruwa a kwance, rana tana faɗuwa a gabanka saboda gefen yamma yake kallo, jiragen ruwa masu filafilai suna wucewa a hankali. Yaran ba sa fitowa sai yatsunsu sun yi yaushi.

Zan iya sake aiki da kamfanin, don sun san yanayin kowane tsibiri kuma suna ɗaga waya idan matsala ta taso. Sai dai a gaba, kafin in biya ko sisi, zan sa su rubuto min sunan gaɓar da masaukin yake, in duba jadawalin cika da janyewar ruwa na ranakun da kaina.